Tambaya ga marubuta: yaya ake tsara yini a gida daga bazara zuwa ƙarshen damina?

Malamin Kwaleji, unguwar Zariya

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ni malamin makaranta ne a nan Maradi, kuma ina rubuta labarai da Hausa a duk lokacin da aikin aji ya bar mini sarari. Aikin da ke hannuna yanzu ƙagaggen labari ne wanda na kafa a tsohon garin Maradi, wato wanda yake cikin kwarin gulbi kafin ambaliyar shekarar 1945 ta cinye shi har aka tashi aka gina sabon gari a kan tudu. Burina shi ne in kammala rubutun farko kafin a koma makaranta a watan Oktoba.

Matsalata ta lokaci ce da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 da rana, ɗakin kwano ba ya zaunuwa tun daga hantsi, da dare kowa a tsakar gida yake kwana, ga wuta tana ɗaukewa a daidai lokacin da aka fi bukatarta. A waɗannan watanni ga shiga aji ga gyaran takardun ɗalibai, shi ya sa nakan ɗora dukan fatana a kan babban hutu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. To amma idan hutun ya zo sai in tarar yana da nasa masu rabon, domin akwai gonar gado da muke nomawa tare da 'yan'uwana, akwai baƙi da biki da suna da ta'aziyya, sannan yara suna gida tun safe har dare.

Bayan wannan akwai abubuwan da raina yake so ƙwarai, waɗanda ba na jin daɗin yini idan ban taɓa su ba. Ina kiwon tattabaru, ina da ɗan lambu na zogale da yakuwa a bayan ɗaki, kuma nakan je fada, wato majalisar hirarmu ta abokai, bayan la'asar mu yi dara. Wani abokina ya ce mini duk wanda yake son ya gama littafi dole ya sayar da tsuntsaye, ya bar fada, ya rufe ƙofa har sai ya kai shafi na ƙarshe. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ban ga ƙarya a cikinta ba, amma kuma zuciyata ba ta karɓe ta ba.

Don Allah, ku da kuka riga ni cikin wannan aiki, yaya kuke raba yininku a gida a lokacin zafi da lokacin ruwa? Kuma shin waɗannan abubuwan sha'awa ɓarayin lokacin rubutu ne da ya kamata in kora, ko kuwa akwai yadda za su zauna lafiya da shi?

Tsohon Darakta, Tibiri

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi wa aikinka albarka. Na yi ritaya daga koyarwa, kuma har yanzu ina rubuta waƙoƙi da tarihin dangi, wani da boko wani da ajami, saboda haka na san irin damuwar da ta sa ka yi wannan tambaya.

Abu na farko shi ne ka daina neman yini guda cur na rubutu, domin mai iyali a ƙasar nan ba ya samun sa, ko a hutu ko ba a hutu ba. Abin da ake samu shi ne tsakanin sallar asuba da lokacin da rana za ta leƙo ta kan katanga. A wannan ɗan tsakani iska tana da sanyi ko a cikin Afrilu, baƙo bai fito ba, kai kuma bai cika da maganganun mutane ba. Nan ne wurin sabon rubutu, kuma da hannu a cikin kaye, wato littafin rubutu, a ƙarƙashin rumfar zana wadda aka yayyafa wa ƙasanta ruwa, ga randa kusa. Kada ka kashe wannan lokaci a kan gyara ko kwafewa, domin waɗannan ayyuka ne da ko gajiyayyen kai yana iya yin su bayan isha'i. Daga azahar zuwa la'asar kuwa ka kwanta ka yi ƙailula. Wanda ya tilasta wa kansa alƙalami a tsakar ranar bazara yakan rubuta abin da zai yaga gobe, ya kuma kwana da ciwon kai.

Abu na biyu, kowane lokaci na shekara yana da aikin da ya dace da shi. Ni a ganina bazara ta karatu ce da tambaya da tara bayani, tun da a lokacin manoma ba su da aiki sai sharar gona da kai taki, tsofaffi suna zaune a inuwa suna da sararin hira. Damina kuwa ka dube ta da idon manomi, za ka ga ba dukanta ce take cin mutum ba. Shuka ba ta jira, duk ranar da ruwa mai ƙarfi ya sauka dole a ajiye komai a fita, haka ma noman farko da maimai. Amma da zarar an gama maimai, gero ya rufe ƙasa ya fara fitar da kai, akan sami sarari mai kyau kafin girbi, kuma galibi wannan yakan faɗo cikin Agusta da farkon Satumba, lokacin da ruwa ya fi yawa gari ya yi sanyi. Babi-babin da suka fi maka wuya ka tanade su domin waɗannan makonni. Kafin nan ka riƙa rubuta masu sauƙi, shafi ɗaya ko biyu kowace safiya, don kada labarin ya huce a zuciyarka.

Game da dara, ban yarda da abokinka ba, musamman saboda irin littafin da kake rubutawa. Duk wanda yake da shekara 10 a 1945 an haife shi a 1935, ka ga yau yana wajen shekara 90, kuma irinsu kaɗan suka rage. Abin da suka gani yanzu yana bakin 'ya'yansu, waɗanda su ma sun manyanta, kuma a gindin bedi wajen dara ake samun su. Dattijo ba ya sakin jiki idan ka zo masa da takarda da bik kana jera tambayoyi, amma idan kuna kan gurabe 30 ɗin nan, kowa da 'ya'yansa 12 yana neman jera uku ya ci na ɗan'uwansa, sai ka ji ya ambaci inda kasuwa take a da, ko yadda ake ɗaure gyaɗa a kan raƙuma da jakuna a nufi Kano, ko yadda mutane suka ji da aka ce su bar kufan iyayensu su koma gari mai miƙaƙƙun tituna wanda Turawan Faransa suka shata. Shawarata ita ce ka canza wurin darar a wasu ranaku. Ka bar fadar tsaranka ka je tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi da Limanci, ka riƙe goro, ka gaishe su, ka zauna. Ka kuma nemi maroƙa da makaɗan fadar Sarkin Katsinan Maradi, domin a kirarinsu akwai jerin sarakuna tun daga Ɗan Kasawa, da labarin irin su Ɗan Baskore, kuma mutanen labarinka a cikin wannan kirari suka tashi.

Sannan ka sauka kwarin da ƙafarka bayan an yi ruwa mai yawa, ka tsaya nesa da gaɓa ka ga yadda gulbin yake zuwa. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya da Madarunfa, ya wuce ku ya wuce mu, ya nufi Gidan Runji kafin ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Ruwan da ya ci gari yana iya zuwa alhali a nan sama garau take, domin can kudu aka yi shi, kuma marubucin da bai san wannan ba zai rubuta ambaliyar da tsofaffi za su ji su girgiza kai.

Uwar Yara, Ali Ɗan Sofo

Malam, sannu da ƙoƙari. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta amfane ni ƙwarai, musamman ta sararin da ke tsakanin maimai da girbi. Sai dai ina neman izini in ƙara wani abu daga ɓangaren da nake gani, domin asubar da ka kwatanta asubar maigida ce, kuma tana samuwa ne saboda akwai wata a gidan da take hura wuta, tana dama koko, tana tare yara kada su dame shi.

Ni ma ina rubuta gajerun labarai, kuma a bazara asubata takan ƙare a bakin famfo, tun da sau da yawa ruwa ba ya zuwa da ƙarfi sai cikin dare ko gab da asuba, idan ba a tara ba kuwa sai an saya wajen masu kura. Lokacina na rubutu bayan isha'i ne, idan yara sun bazu a kan tabarmi a tsakar gida, ina cikin gidan sauro da waya a hannu. Ba shi da yawa, amma saboda na san ba shi da yawa, tun da rana nake rubutun a kaina, ina tsinke zogale ko ina jiƙa aya ina jujjuya zancen da mutanen labarina za su yi, idan dare ya yi sai dai in sauke. Wannan ne ya sa nake ganin aikin hannu wanda ba ya bukatar magana abokin rubutu ne. Ban ruwan lambu, da sharar ɗakin tattabaru, da saƙa irin wadda nake yi, duk suna barin kai ya yi nasa aikin a natse.

Fada kuwa dabam take, kuma a nan ne nake ganin abokinka yana da rabin gaskiya. Darar dattawa da Baba ya faɗa bincike ce, na yarda. Amma fadar tsara takan fara da dara ta koma shayi, kuma duk wanda ya zauna zagaye na farko ba a barin sa ya tashi sai an sha na uku, daga nan a shiga gardamar ƙwallo da ta siyasa har a kira magariba, bayan isha'i kuma a dawo. Mutum yakan komo gida da kai cike da muryoyin da ba na littafinsa ba. Ba na cewa ka yanke zumunci, amma ka sanya wa zuwanka ranaku sanannu, ka kuma faɗa musu dalili a fili, domin abokan kirki idan suka san kana da aiki su da kansu za su riƙa korar ka.

Game da yara, kada ka ɗauke su a matsayin cikas kawai. Babban hutu shi ne lokacin da nake gwada rubutuna, domin da dare nakan karanta musu abin da ya dace da shekarunsu bayan an yi tatsuniya. Yaro ba ya kara. Inda zance ya yi tsawo sai ka ga ya fara wasa da yatsun ƙafarsa, inda kalma ba Hausar baki ba ce sai ya tambaye ka ma'anarta, inda labari ya kama shi kuwa washegari shi zai tuna maka inda aka tsaya. Ka karanta wa uwargidanka ma, musamman wuraren da mata suke magana, domin a nan ne rubutun maza da yawa yake rauni. Idan kuma kana so ta tsare maka asuba da zuciya ɗaya, to ka karɓi yaran bayan la'asar ka tafi da su lambu ko gona, ita ma ta sami nata lokacin.

Ka kuma sa zazzaɓin cizon sauro cikin lissafinka, domin daga Agusta zuwa Oktoba yake yawaita, daidai makonnin da kake sa ran yin aiki mai nauyi. Gidan sauro ga kowa, da zubar da duk ruwan da ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya kusa da lambu, da karɓar maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara wata-wata a damina, duk suna cikin tsarin rubutu, tun da yaro ɗaya idan ya kwanta babu mai sake ɗaukar alƙalami a gidan sai ya tashi.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Barkanku da war haka, Baba da Hajiya da Malam. Ni ƙaraminku ne, ban kai in ba da shawara kan tsarin gida ba, amma ina iya cewa wani abu kan wuta da na'ura, tun da Malam ya ambace su.

Yawancin wutar da yankinmu yake sha daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Tun daga lokacin mutane da yawa suka fahimci cewa aikin da yake da muhimmanci bai kamata a rataye shi a kan layi ɗaya ba. Marubuci ba ya bukatar babban kaya. Ƙaramin pano na hasken rana da batiri ɗaya sun isa su riƙe fitila da cajin waya da ƙaramar fanka, kuma a bazara, da rana take da ƙarfi, abin da ake bukata kawai shi ne a riƙa share ƙura daga fuskar panon. Batirin kuma a ajiye shi a inuwa inda iska take shiga, domin zafi yana rage masa kwana. Haka ma waya da kwamfuta, kada a yi musu caji a ɗakin kwano da tsakar rana, kada kuma a ɗora kwamfuta a kan katifa inda hanyar iskarta za ta toshe. A damina, idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a cire komai daga soket.

Shawarar Baba ta rubutu da hannu tana da wata fa'ida, wato kwafewa da dare takan zama gyara na farko. Idan za a kwafe a waya, manhajar buga rubutu ta Gboard tana da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma ya fi kyau a sa su tun farko maimakon a ce sai an gama a bi littafi guda ana gyarawa. Duk babin da aka gama a aika wa kai ta imel, kayen kuma a ɗauki hoton shafukansa, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Idan dattawa sun yarda a naɗi muryarsu, a nemi izininsu a fili kafin a kunna, a kuma rubuta rana da unguwa a jikin kowane naɗi.

Kan tambaya ta biyu, Malam, a ganina babban ɓarawon yana cikin aljihu. Tattabaru ba sa kiran mutum da tsakar dare, amma WhatsApp da Facebook da TikTok suna yi, kuma a kan wayar da ake rubutun suke zaune. Hajiya ta san wannan fiye da ni tun da a waya take aiki. Abin da nake yi idan zan rubuta waƙa shi ne in kashe intanet gaba ɗaya har sai na tashi. Ina kuma roƙon ka daure ka gama littafin nan, domin tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025 muke tambayar junanmu me ƙannenmu za su karanta da ita wanda ya shafi garuruwansu. Mafi yawan littattafan Hausa da muke samu a kasuwa daga Kano da Zariya suke zuwa, muna son su, amma muna so mu ga Maradi ma a shafi.

Mai Tattabaru, Sabon Gari

Malam, ni tela ne, rubutuna bai wuce waƙoƙin da nake yi wa kaina ba, amma na daɗe ina kiwon tattabaru, kuma ina roƙon ka kada ka sayar da naka. A cikin dukan kiwo babu mai ƙarancin wahala kamarsu. Tattabara ƙwai biyu take yi, ita da namijin suke karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 18, su kuma ciyar da 'ya'yansu da kansu. Abin da suke nema a wurinka shi ne tsaba da safe da yamma, da ruwa mai tsabta a inuwa wanda a bazara za a riƙa canzawa don kada ya yi zafi, da kasko mai faɗi na wanka, da ɗaki wanda muzuru da maciji ba za su shiga ba. Wannan duka babban ɗanka yana iya ɗauka a hutu, kai kuma ka riƙe dubawar yamma, wadda ita ce daɗin abin. Kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi ga zogale da yakuwa, sai dai a bar shi ya bushe ya huce kafin a zuba, in ba haka ba yana ƙona saiwa. Zogalen ma idan ruwa ya sauka ba ya bukatar ban ruwa, sai dai ka riƙa datse kansa don ya yi rassa, kamar yadda masu lambun Jiratawa suke yi.

Abin da nake so in ja hankalinka a kai, wanda ba a ambata ba, shi ne gara da laima. Mai rubutu a kaye yana da abokan gaba a damina, domin gara takan biyo bangon ƙasa cikin dare ta shiga takardu ta baya, ba a ganewa sai an ɗaga. Kada ka jingina littafi da bango, kada kuma ka ajiye kwali a ƙasa. Ka sami adaka ta ƙarfe, ka ɗora ta a kan bulo ko duwatsu nesa da bango, ka zuba busasshen ganyen bedi a ciki, kayen da kake aiki da shi kuma ka sa shi a leda idan ka tashi. Kafin ruwan farko ka hau ka duba kwanon ɗakin da takardun suke, ka toshe ramukan ƙusa, domin iskar da take zuwa gaban hadarin Yuni takan ɗaga kwano ta buɗe inda ba ya yoyo a bara. Duk ranar da aka sami rana mai kyau a cikin Agusta, ka buɗe adakar ka fitar da takardun su sha iska a inuwar rumfa, ka kuma duba ƙarƙashinta ko gara ta fara gini.